Baƙon da ya zo da gidansa

A ƙasar Amurka akwai wata al'adar hutu wadda ta yi ƙarfi ƙwarai tun bayan yaƙin duniya na biyu. Da zarar ƙanƙara ta narke daga hanyoyin duwatsu cikin watan Mayu, sai magidanta da tsofaffin ma'aikatan da suka aje aiki su fito da wasu manyan motoci masu ɗaki a ciki, su nufi dazuzzuka da bakin tafkuna, su ya da zango na kwanaki ko na makonni. Motar nan gida ce sukutum. Akwai gado, da madafa, da firji, da makewayi, da wurin wanka, da na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama shi, sau da yawa har da talabijin. Manya daga cikinsu sukan kai tsawon mita 12 ko 13, kamar motocin bas masu jigila tsakanin Yamai da Damagaram, suna shan mai wajen lita 30 a kowace kilomita 100, kuma akan ɗaura musu ƙaramar mota a baya domin zirga-zirga idan an sauka. Dattawan Arlit da Agadas sun san ƙannensu, wato motocin da Turawa masu ratsa Sahara suke saukowa da su daga Tamanrasset a shekarun 1970 da 1980. A shekarar 2021 kaɗai, masana'antun Amurka sun fitar da irin waɗannan motoci da tireloli masu ɗaki fiye da 600,000, akasarinsu daga yankin garin Elkhart na jahar Indiyana.

Wanda ya tashi a ƙasar da ake shiga daji domin itace ko kiwo ko farauta, in ya ji wannan labari dariya za ta fara zo masa. Me ya kai mutum dawa in har da katifarsa da firjinsa zai tafi? Dariyar tana da dalilinta, sai dai takan rufe wata tambaya da ta fi ta nauyi, wadda kuma ta shafi duk wanda ya taɓa sauka a wurin da ba nasa ba: wane haƙƙi masauki yake da shi a kan baƙo, musamman idan mai masaukin ba shi da bakin da zai nemi haƙƙinsa?

Akwai wani zango guda da ya tattara wannan tambaya da dukkan rassanta. Yana cikin gandun dajin Yellowstone, a jahar Wayomin, wanda aka keɓe da doka ranar 1 ga Maris 1872, shi ne kuma ake ɗauka a matsayin gandun ƙasa na farko a duniya. A tsakiyarsa akwai wani tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 350, yana zaune a tudun mita 2,357 sama da teku. Ke nan ruwan nan ya fi ƙololuwar duwatsun Bagzan tsawo, alhali su ne mafi tsawo a Nijar. Duwatsu sun kewaye shi, kurmin wasu itatuwa dogaye miƙaƙƙu masu ganye kamar allura ya sauko har bakin gaɓa, ruwan kuwa sanyi ƙarara ko a tsakiyar bazararsu, kuma yakan daskare kusan rabin shekara. A arewacin tafkin, inda kogi ke fita daga cikinsa, akwai wata gadar katako da ake kira Fishing Bridge, wato Gadar Kamun Kifi. Gabas da ita kaɗan, cikin itatuwa, an shimfiɗa filin sauka mai gurbi fiye da 300 domin motoci masu ɗaki. Shi kaɗai ne zango a duk gandun inda kowane gurbi ke da nasa famfon ruwa, da nasa wurin jona lantarki, da bututun da ke kwashe ƙazanta. Yana da wata doka ta musamman: ba a kafa tanti a cikinsa, ba a yarda da tirela mai bangon yadi ba, sai abin hawa mai bango mai ƙarfi ta kowane gefe. Dalili kuwa wurin mahaɗa ce ta beyar, irin babbar nan mai launin ƙasa da ake kira girizili, wadda namijinta kan kai kilo 300.

Ya kamata a fara sauke zargin da ya fi sauƙi, wato na masu cewa mai motar munafuki ne, yana son a ce ya kwana a daji alhali bai ɗanɗani wahalar daji ba. Wannan zargi ya ginu a kan zaton cewa wahala ita kanta falala ce, kuma wanda sauro ya cije shi ya fi wanda ya kwana cikin gidan sauro kusanci da gaskiya. Makiyayin da ke kwana a ƙasa cikin damina ba ya ganin haka. In ya samu tabarma mai kyau zai shimfiɗa. Masu ƙoshi ne suka mayar da wahala abin ado. Hasali ma, tun farkon al'adar nan jin daɗi yana tare da ita. Tsakanin 1915 da 1924 Henry Ford da Thomas Edison da Harvey Firestone sukan fita yawon kwana a daji da jerin motoci, da masu dafa musu abinci, da mota guda da aka mayar madafa, da ƴan jarida a bayansu. A 1921 har shugaban ƙasa Harding ya je ya same su. Shi kansa Henry David Thoreau, wanda Amurkawa ke ɗauka limamin komawa ga rayuwa mai sauƙi saboda shekara biyu da ya yi a bukka a bakin tafkin Walden daga 1845 zuwa 1847, bukkar tasa tafiyar ƙasa da sa'a guda ce daga garinsu, jirgin ƙasa yana wucewa ta gefen tafkin, kuma yakan shiga gari akai-akai. Wannan bai rage darajar abin da ya rubuta ba. Abin da ya nuna kawai shi ne ba a auna zurfin tunanin mutum da nisan bukkarsa daga kasuwa.

Akwai ma hujjoji masu ƙarfi a ɓangaren mai motar. Tsohuwar da gwiwoyinta suka gaji, da mai keken guragu, da iyali masu jariri, ba su da wata hanyar ganin alfijir a kan wannan tafki in ba ta wannan ba. Motar tana riƙe ƙazantarta a cikin tanki har a zubar da ita inda aka tanada. Abincin da ke cikinta yana bayan ƙofar ƙarfe, ƙamshinsa ba ya kiran dabba. Mutum ɗari uku da aka tara a kan daɓen kwalta guda sun fi sauƙi ga daji a kan mutum ɗari uku da suka watsu kowa yana hura wutarsa a gindin itacen da ya ga dama. Stephen Mather, shugaban farko na hukumar gandayen ƙasa da aka kafa a 1916, da gangan ya jawo masu motoci, domin ya fahimci cewa dajin da jama'a ba su taɓa gani ba babu wanda zai tsaya masa ranar da masu haƙar ma'adinai da masu saran katako suka zo nemansa. Tarihi bai ƙaryata shi ba. Saboda haka, idan aka ɗauki mutum guda da motarsa guda, da wuya a kama shi da wani laifi. Ya biya kuɗin gurbinsa, ya bi doka, ya kwashe shararsa, ya tafi.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Yana sauka da dare, hantsi na yi ya tafi, ƙasa kuma ta koma yadda take. Duk ladubban baƙunci sun ginu a kan wannan: ana haƙuri da baƙo, ana ba shi shimfiɗa mafi kyau, ana yanka masa kazar da ƴan gida ba su ci ba, domin an san zamansa ƙidayayye ne. Amma mutanen Damagaram sun san wani abu game da zango da karin maganar ba ta faɗa ba. Unguwar Zango ta fara ne a matsayin masaukin ayari a wajen ganuwar Birni. Kowane madugu ya sauke kaya, ya huta, ya ɗaura, ya wuce. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zo da niyyar kafa gari. Duk da haka gari ya kafu, da gidajen ƙasa masu zane, da kasuwa, da masallatai. Haka ya faru a hanyar fataken goro zuwa Gwanja, inda har yau ake kiran manyan unguwanni a Kumasi da Ankara da sunan zango. Matafiyi yana wucewa, zangon yana nan daram.

Wannan shi ne halin Gadar Kamun Kifi. Mutumin da ya kwana uku a gurbi mai lamba kaza yana ganin kansa raɓa, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai kafin tayoyinsa su fita ƙofa wani ya shigo gurbin, haka daga Mayu har zuwa farkon Oktoba, shekara bayan shekara. An fara barin motoci su shiga gandun a watan Agusta 1915. A 2021 an ƙirga ziyara miliyan 4.86. A wurin beyar da ke bin gaɓar kogi babu wani baƙo mai zuwa ya tafi. Akwai ƙauye mai fitilu, da ƙarar injuna, da warin soya, da hanyar kwalta, wanda yake tsaye daidai cikin watannin da take buƙatar tara kitsen da za ta yi barcin hunturu da shi.

Labarin yadda wannan ƙauye ya yi da masu gidan yana da tsawo, kuma bai fara da mugunta ba. Da so ya fara. Masu yawon buɗe ido suna son ganin beyar, hukuma kuma tana son su gani. Aka bar juji a buɗe inda ake zubar da ragowar abincin otel-otel, har aka kafa bencina a gefensa domin mutane su zauna da yamma su kalli dabbobin suna tonon shara. Wannan kallo bai tsaya ba sai a farkon shekarun 1940. A kan hanya kuwa, beyar ta koyi tsayawa a bakin titi tana bara, mutane na miƙa mata burodi ta tagar mota. Daga 1931 zuwa 1969, a kowace shekara beyar na raunata mutum 48 a matsakaicin lissafi. A 1970 hukuma ta sauya shawara, ta hana ciyar da su, ta rufe jujin. Dabbobin da aka haifa a bakin juji, waɗanda ba su san wani abinci ba, suka bi ƙamshi zuwa cikin zanguna, aka harbe da yawa daga cikinsu. A 1975, lokacin da aka sa girizili cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana, an ƙiyasta waɗanda suka rage a yankin ba su wuce 136 ba. Baƙo ya koya wa mai gida roƙo, sa'an nan aka kashe mai gida domin ya zama maroƙi mai naci. Adalci ya sa a faɗi cewa dokokin da suka biyo baya sun yi aiki: a yau an kusa 1,000 a faɗin yankin, kuma doka ta ce kada mutum ya kusanci beyar ƙasa da mita 91.

Na kifi ya fi wannan ɓoyuwa. Tafkin gidan wani kifi ne mai jan zane a ƙarƙashin haɓa, kamar an yanka shi, wanda kan hau ƙananan rafuka marasa zurfi ya yi ƙwai idan ƙanƙara ta narke. A nan beyar da gaggafa da karen ruwa ke samunsa. Shekaru da dama mutane suna cika gadar kafaɗa da kafaɗa, kowa da ƙugiyarsa, daidai kan wurin da kifin ke ƙwai, har aka hana kamun kifi daga kanta a 1973. Sunan ya zauna, aikin ya tafi. Daga baya wata masifa ta ɓullo. Tun a 1890 hukuma ta zuba wani babban kifi na manyan tafkunan gabas a tafkin Lewis da ke kusa, domin masu kamun nishaɗi su samu abin kamawa. A 1994 aka tabbatar zuriyarsa ta shiga babban tafkin. Shi wannan baƙon kifi cin ɗan gida yake yi, kuma a zurfin ruwa yake zama ya yi ƙwai, inda babu faratan da za su kai gare shi. Rafukan da dubban kifaye ke hawa suka kusa zama fayau. Beyar ta koma kan jariran barewar daji. Tun tsakiyar shekarun 1990 jiragen ruwa ke jan taru a tafkin duk bazara, sun fitar da baƙon kifin fiye da miliyan 4, kuma aikin bai ƙare ba. Mai motar da ke shan shayi a bakin gaɓa da asuba yana ganin ruwa luf kamar tun ran gini ba a taɓa shi ba.

Inda maganar ta zama ta ɗa'a ƙarara shi ne abin da ya faru a shekarun 1980. Hukumar gandun ta so gina wani sabon masauki mai suna Grant Village a wani ɓangaren tafkin. Hukumar kula da namun daji ta amince bisa fahimtar cewa za a rufe na Gadar Kamun Kifi a mayar wa beyar wurinta, domin masanan gandun da kansu sun shaida cewa yana cikin wuraren da ta fi buƙata. Aka gina sabon. Da lokacin rufe tsohon ya yi, ƴan kasuwar garin Cody, mai nisan kilomita wajen 130 a kan hanyar gabas, suka ji tsoron matafiya za su sauya hanya, suka kai kuka ga wakilan jaharsu a majalisar ƙasa, wakilan kuma suka taka wa shirin birki. Aka yi ta jayayya har gaban kotu. A ƙarshen shekarun aka yi sulhu irin na rabon kura: zango biyu ne a wurin, ɗaya na kowa da kowa inda mai tanti ke sauka da kuɗi kaɗan, ɗaya na motoci masu ɗaki. Aka rufe na farko, aka bar na biyu.

Hujjar da aka bayar ba ta banza ba ce, domin mai tanti shi ne beyar ke iya ja cikin dare. Amma a duba abin da hukuncin ya haifar. An tambayi ko mutum zai ja da baya domin dabba, amsar da ta fito kuma ita ce mutumin da ba shi da bangon ƙarfe shi zai ja da baya. Beyar ta samu rabin abin da aka yi mata alkawari, ta kuma yi asarar wasu rafukan a inda aka gina sabon masaukin. Talaka ya rasa bakin tafkin a wannan kusurwa. Wanda ke da kuɗin sayen gida mai taya bai rasa komai ba. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wannan da mugun nufi, kuma wannan ne ya sa ya fi wuyar tuhuma. Ɗan kasuwar Cody abincin ƴaƴansa yake karewa, ɗan majalisa masu zaɓensa yake saurare, mai mota kuwa gurbi ya gani a buɗe ya biya.

To laifin na wa? Da yayyafi kogi kan cika, amma ba a taɓa gurfanar da ɗigon ruwa gaban alƙali ba. Akwai masu cewa tun da rabon kowane mutum a cikin ɓarnar bai kai ƙwayar gero ba, babu wanda ke da abin amsawa, hukuma ce kaɗai za a tambaya. Wannan magana tana da daɗin ji ga mai hutu, sai dai ba ta tsayawa. Hukumar ba ta bar zangon domin son ranta ba; ta bar shi ne domin gurabensa na cika, kuma kowane mai biya ya jefa ƙuri'arsa a kan ya zauna. Mutum ba ya zama mai laifi domin ya kwana a can. Amma ya shiga cikin wani abu da ya fi shi girma, yana cin moriyarsa, saboda haka ba shi da ikon cewa bai shafe shi ba ranar da aka ce a rage zangon, ko a rufe wani kwari na watanni, ko a hana shi abin da ya saba. Mafi ƙanƙantar haƙƙin masauki a kansa shi ne ya san a gidan wa ya sauka, da abin da aka kawar kafin a yi masa shimfiɗa. Baƙon da ya ci kazar gida yana zaton daga sama ta faɗo, rashin saninsa ba ya mayar da kazar.

Ba dabbobi kaɗai aka kawar ba. Itacen nan miƙaƙƙe da ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na kurmin gandun, ma'anar sunansa a Ingilishi ita ce sandar tanti, domin da shi mutanen ƙasar na asali ke kafa tantunansu na fata. Mutane sun yi fiye da shekara 11,000 suna farauta da kamun kifi da sassaƙa baƙin dutse mai kaifi a wannan yanki, kuma masu tonon tarihi sun samu alamun zangunansu a bakin tafkin, har da kusa da gadar. Wani reshe na al'ummar Shoshone da ake kira Tukudika, masu farautar tumakin dutse, suna zaune a cikin duwatsun lokacin da aka zana iyakar gandun; cikin shekarun 1870 aka tattara su zuwa keɓaɓɓun filaye a waje. Shugabannin gandun na farko suka yaɗa cewa ai Indiyawan daji tsoron maɓuɓɓugan ruwan zafi suke yi, ba su taɓa zama a nan ba, maganar da ta daɗe cikin littattafan matafiya kafin bincike ya rushe ta. Daga 1886 zuwa 1918 soja ne ke tsaron wurin. Dajin da babu kowa, wanda ɗan birni ke tuƙin kwana biyu domin ya ga yadda duniya take kafin mutum, sai da aka fitar da mutane kafin ya zama haka. Masanin tarihi William Cronon ya jawo wa kansa surutu a 1995 da ya rubuta cewa wannan hoton na daji marar mutum ƙirƙirar mutanen birni ce. Wani abin da ke ƙara wa labarin ɗaci shi ne ɗaya daga cikin shahararrun kamfanonin ƙera motocin nan sunansa Winnebago, sunan da aka laƙaba wa al'ummar Ho-Chunk, wadda aka yi ta kora daga jaha zuwa jaha cikin ƙarni na 19. Waɗanda yawo da gida yake rayuwarsu an tsayar da su wuri guda, sunansu kuma yana yawo a goshin mota.

Wannan tsari na gandu ya ƙetare teku. Gandun W, wanda Nijar ke tarayya da Benin da Burkina Faso a kansa, an mayar da shi gandun ƙasa a 1954, zamanin mulkin Faransa, bisa wannan fahimta cewa kare daji yana nufin fitar da mai amfani da shi a shigo da mai kallonsa. A shekarun da yawon buɗe ido ke tafiya a can, Bature mai tanti yakan biya ya kwana a bakin Tapowa, Bafulatanin da shanunsa suka ƙetare iyaka kuwa tara ce ke jiransa. Dokar makiyaya ta 2010 ta amince cewa ƙaura da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, amma iyakar gandu tana nan. Akwai dalilai na gaskiya na hana garke shiga inda giwa da zaki suka rage, kamar yadda akwai dalilin hana tanti a mahaɗar beyar. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce me ya sa kusan kullum wanda larura ta kawo shi ake fara kora.

A Amurka ma wannan rarrabewa tana nan, har a cikin zangunan kansu. Gida biyu maganin gobara, in ji masu iya magana, kuma ga yawancin masu motocin nan motar gida na biyu ce. Amma bayan rikicin bashin gidaje na 2008, dubban mutane, da yawansu tsofaffi, sun wayi gari motar ce kaɗai gidansu. Ƴar jarida Jessica Bruder ta bi su shekaru, ta wallafa littafin Nomadland a 2017, wanda fim ɗinsa ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Suna bin aikin lokaci-lokaci, daga manyan rumbunan kaya zuwa gonakin gwoza mai sukari, kuma ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi samu shi ne gadin zangunan dazuzzukan gwamnati: su karɓi kuɗi, su wanke makewayi, su kwashe tokar murhu, a ba su gurbi da albashi kaɗan. Mota iri ɗaya, daji ɗaya, wani hutu ya kawo shi, wani kuma ba shi da inda zai koma idan aka rufe zangon. A watan Yuni 2024 kotun ƙolin ƙasar, a shari'ar garin Grants Pass na jahar Oregon, ta yanke cewa gari na da ikon hukunta wanda ya kwana a filin jama'a ko da ba shi da wani wurin kwana. Kwana a waje abin sha'awa ne da ake bugawa a mujallu idan mutum na da makullin gida a aljihu.

Duk wannan ba ya soke abin da mutane ke samu a bakin tafkin. Yaron da ya girma tsakanin benaye, ya fito daga motar kakansa da sassafe ya ga hazo yana tashi daga ruwa, ya ga sawun dabba a laka wanda ya fi tafin hannunsa biyu, ya koyi wani abu game da ƙanƙantarsa da makaranta ba za ta koya masa ba. Daga cikin irin waɗannan yara ne masu tsaya wa daji ke fitowa. Abin da ake nema daga baƙo bai kai ya ƙi zuwa ba. Ana neman ya yarda cewa akwai iyaka, kuma wani lokaci iyakar za ta faɗo a kansa shi ma, ba kullum a kan wanda ya fi shi rauni ba. A al'adar Musulmi baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka alheri ne daga mai gida. A sauran zangunan Yellowstone doka ta ƙayyade kwana 14 a tsakiyar bazara. A zangon Gadar Kamun Kifi ba a sa iyaka ba.

An rufe zangon daga 2019 domin gyara, aka faɗaɗa gurabe da yawa aka daɓe su domin su ɗauki motocin zamani da suka ƙara tsawo da faɗi, aka sake buɗe shi a 2022. Shekarar ce gandun ya cika shekara 150 da kafuwa, kuma hukumarsa, wadda a yau ta amince cewa al'ummomin asali 27 na da alaƙa ta tarihi da wannan ƙasa, ta gayyace su bikin. Cikin watan Agusta aka kafa tantunan gargajiya a wani fili kusa da mahaɗar Madison da kuma ƙofar arewa, jikokin masu ƙasar suka zo suka yi wa masu yawon buɗe ido bayanin kakanninsu. Tantunan sun yi kwanaki kaɗan a tsaye, sa'an nan aka kwance su aka ɗora a mota.